Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Abdulgani ya haye shekara talatin, ya gama digiri na uku a Kuala Lumpur, amma bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarsa ba. Ɗan fari ne. Hajiya Hureira kuwa irin matan Zariya ce na da, masu riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. "Kai" take ce masa. In yana nesa, "wancan". Ranar da ya faranta mata rai ƙwarai, sai ya samu ƙarin girma ya zama "mijin Kausar".

Da ta zo bikin kammala karatunsa, sai ya ƙudura a ransa ba za ta koma gida ba sai ta kira shi. A kicin ya raɗa wa matarsa dabarar: zai kai su wani kwazazzabo da ke bayan garin Gombak, ya ɓuya, Inna ta tsorata, sunan ya kuɓuce mata.

"Dakta, ba ruwana wallahi," in ji Kausar, tana dariya tana cusa dafaffen ƙwai da ƙullin gishiri a jakar goyo.

Shi dama gwanin yawon tsaunuka ne irin na masu ƙaramin ƙarfi: jaka ɗaya, gorar ruwa, takalmin gwanjo daga kasuwar Chow Kit. Ba ya ɗaukar ɗan jagora, ba ya shiga tasi. Bas suka hau har inda ta ƙare, suka sayi ƙunshin shinkafar nasi lemak a wani shagon abinci, sauran tafiyar kuma ƙafa. Ga shi tun makon jiya goron Inna ya ƙare, an karaɗe Chow Kit ba a samu ko ɓari ba, don haka ran tsohuwa a kusa yake.

"Wannan wahalar ce kuke kira hutu?" ta ce tana haki. "Mu ma muna da dutsen Kufena, ba mai hawa sai wanda akuyarsa ta ɓace."

"Likitoci sun ce yana ƙara lafiya, Inna."

"Likitocin a mota suke zuwa aiki."

Amma da hanya ta karya kwana, bakinta ya mutu. Duwatsu biyu sun miƙe kamar katanga, saiwoyin itatuwa na reto daga samansu, ga ruwa fari fat yana faɗowa tsakaninsu yana tada feshi mai sanyi. Ta ce "Tabarakallah" a hankali, kamar ba ta so a ji ta yaba.

Nan Abdulgani ya ce zai kewaya. Ya sulale ƙasa, ya laɓe bayan wani dutse kusa da mafaɗar ruwan, ya tsuguna cikin jiƙaƙƙen ganye. Ta tsakanin rassa yana hangen su sarai.

Jira ya yi tsawo. Ya ji muryar Inna ta ratso ƙarar ruwa: "Kai! Kai wancan!" Kwazazzabo ya maido mata da "wancan". Ya toshe baki kada dariya ta tona shi. Saura kaɗan.

Sai ga wani dattijo Bamalaye da sanda yana saukowa. Kausar ta tare shi ta ce mijinta ne ya ɓace, ta haɗa tafin hannu a baki kamar za ta ƙwala kira, wai don ta zuga Inna. Dattijon ya ɗaga sanda da ƙarfi.

"Jangan lah! Jangan!" Wato kul, kada ta kuskura.

Ya yi bayani yana nuna itatuwa, Kausar na fassarawa da ƙarfi saboda kunnen Inna. Wai a dajinsu ba a kiran mutum da sunansa na yanka. Masu wurin suna ji, in sun riƙe sunan sai su kira mai shi da muryar danginsa, ya bi su.

Inna ta gyara mayafi, fuskarta ta washe. "Ashe ƙasar nan akwai tarbiyya. Ce masa na gode."

Abdulgani ya ji kamar ya tashi ya jefi dattijon. Duk faɗin duniya, sai da ya zaɓi dajin da ya goyi bayan Inna!

Dattijon ya ce zai duba ta sama, Kausar ta bi shi tana waige. Inna ta rage ita kaɗai. Ta buɗe ƙunshin shinkafa, ta dube shi, ta rufe. Ta tashi ta dafa gwiwa ta matso bakin kwazazzabon, ta leƙa inda ruwa ke dukan duwatsu. Murmushin nan ya tafi. Bai taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta waiga hagu da dama, ba kowa. Sai leɓɓanta suka motsa, suka haɗu, suka rabu.

Bai ji komai ba. Shi da kansa ya zaɓi maɓoya a gindin ruwa mai ruri.

Ya miƙa wuya ko za ta sake, sai idonsa ya faɗa kan ƙafarsa. Matsattsaku ne baƙaƙe, sun yi layi daga idon sawu har ƙwauri, kowanne ya sha jini ya yi taf.

"Wayyo Inna! Inna!"

Da rarrafe ya hauro. Ba ta rungume shi ba, ba ta tambayi inda ya shiga ba. Ta zaunar da shi, ta kwance ƙullin gishirin ƙwai tana barbaɗa musu, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

"Mai digiri uku," ta ce, "tsutsa ta ci shi a kewaye."

"Inna, na ga bakinki ya motsa ɗazu. Me kika ce?"

"Goro nake tauna."

Ya dubi bakin nan da rabonsa da goro tun makon jiya. Ya buɗe nasa zai yi magana, ta ɗago ta harare shi da gishiri a hannu. Sai ya haɗiye maganar, ya miƙa mata ɗaya ƙafar, yana murmushi har kunne.