Baƙin Mai Mai Tafarnuwa

Blagoy maƙwabcina ne, katanga ɗaya ce ta raba mu, kuma tun da nake ban ga mutum mai taurin kai a kan mota kamarsa ba. Tsohuwar motar mahaifinsa ce. Fentin ya koɗe, ƙofar baya sai an yi mata lallashi take buɗewa, amma ka ce za ka taɓa ta, ka taɓo faɗa.

Matarsa Tsveta ta gaji. Duk safiya sai ta wanke daɓen da ke ƙarƙashin rumfar inabi, duk safiya sai motar ta sake ɗiga masa mai. Ranar Juma'a ta ajiye bokiti ta faɗa masa a gabana cewa ɗigo ɗaya ya rage, in ta sake gani za ta kira masu sayen ƙarafa su ja abarsu. Kuma Tsveta ba ta maimaita magana.

Don haka da Asabar Blagoy ya yi juye da kansa. Ya ɗaga motar a jak, ya kwanta a ƙasa ƙafafu waje, ya zubar da tsohon baƙin mai, ya canja matacin mai, ya ɗaure notin ƙasa har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashi, ya wanke hannu da fetur yadda ya saba, ya shiga gida yana taƙama.

Da safe ya leƙo ta katanga fuska a yamutse. Kwalin ya jiƙe.

Na zagaya na same shi yana shinshina komai. Ya zaro ma'aunin mai ya kai hanci, ya ce warin fetur. Ya taɓa tiyo, fetur. Ya shafa tanki, fetur. Nan take ya yanke cewa fetur ya shiga inji, motar ta gama yawo. Tausayi ya kama ni, don idonsa ya kawo ruwa.

Tsveta tana tsaye da kofin kofi. Ta miƙa masa guntun burodi ta ce ya shinshina. Ya ce shi ma fetur.

"To burodin ma injinsa ya lalace ke nan," in ji ta. "Hannunka ne, malam. Jiya a kan gado ma da warinsa na kwana."

Saura batun man da ya jiƙa kwalin. Ni na lura tabon yana wajen tayar baya, alhali inji yana gaba. Na dangwala da yatsa, sai na ga ja-ja ne, ba baƙi ba. Blagoy da ba ya yarda da idon kowa ya dangwala ya kai harshe. Ya sake lasa.

"Tafarnuwa," ya ce. "Da gishiri."

Muka buɗe but, muka ɗaga safaya. A cikin ramin safayar, inda tsatsa ta huda ƙarfe, ga kwalabe biyu na gasasshen tattasai cikin mai, an naɗe su da tsumma. Ɗaya ta tsage, wataƙila lokacin da ya sauke jak da ƙarfi. Ɗayar lafiyarta lau, an ɗaure murfinta da ƙyalle mai ɗigon shuɗi.

Duk mun san ƙyallen. Daga zanen girkin kaka Ginka aka yage shi, mahaifiyar Blagoy, wadda muka binne a farkon sanyin bara. Mutanenmu ba sa barin mota ta bar ƙauye ba kwalbar tsaraba, amma ita ta fi kowa. In ka ce ba ka so, sai ta ɓoye maka, ka gano bayan ka isa birni. Wannan karon ba wanda ya gano.

Blagoy ya zauna a bakin but, hannu duk mai. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona.

Tsveta ta ɗauki kwalbar mai lafiya ta goge da gefen rigarta. Ita da surukar tata sun sha faɗa a kan yawan tafarnuwar da ake sa wa tattasai, har gari ya sani. Na ɗauka kicin za ta kai ta. Sai ta sake naɗe ta da tsumma, ta mayar cikin ramin, ta ɗora safaya a kai.

"Rufe but ɗin a hankali," ta ce wa mijin. "Kuma ka je ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa min burodi."