Sukuru Mai Tauraro a Murfin Zarto

Injin zarto ya cinye wa Auta, ƙanin Gwaska, yatsu biyu, saboda an cire murfin ƙarfen da ke rufe haƙoransa. Haka aka saba a masana'antar katakon: in aiki ya yi yawa, sai a kwance murfin don katako ya wuce da sauri. Sukurun da ke riƙe da shi mai tsaga ɗaya ne, ko da gindin cokali sai ka juya shi.

Gwaska ne makanikin wurin. Daga asibiti kasuwa ya zarce, ya sayo sukuru mai tauraro, irin wanda ake samu a jikin mota da bayan firji, kansa a baje kamar ɗan faranti. Ya mayar da murfin, ya ɗaure tamau, ya jefa sukundireban da ke kwance irinsa a aljihu. Ma'aikata suka gwada wuƙa, ta zame. Suka gwada filaya, babu wurin kamawa.

Da aikin kujerun wata makaranta ya matso, maigidan, wanda kawun matar Gwaska ne, ya same shi yana zuba wa inji mai.

"Surukina, ba ni abin nan. Mu fitar da kujerun mutane, sai ka mayar da murfinka."

"Ba ya wurina, Kawu."

"Ga ƙeyarsa nan tana leƙe daga aljihunka."

"To, yana wurina. Ba zan bayar ba."

"Injin naka ne ko nawa?"

"Naka ne. Yatsun da ya ci namu ne."

"Ai na kai Auta asibiti."

"Ka kai shi. Ba su tsiro ba."

Maigidan ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Kai dai kanka kamar guduma. In na aika kasuwa yanzu, za a kawo min irinsa."

Gwaska ya san gaskiya ne. Sai ya jawo wayar walda a gaban kowa, ya ɗiga wuta a ramin kowane sukuru har tauraron ya toshe. Sannan ya zaro sukundireban ya miƙa da hannu biyu.

"Ga shi, Kawu. Na hutar da ɗan aike."

Kafin la'asar an sallame shi. Ɗakin da suke zaune a bayan masana'antar ma na Kawu ne. Matarsa ta ɗaure kwanukanta a zane, ta bi shi gidan haya, suka sauke kaya.