Nafkin a Bututun Tela

Nafkin ɗin jaririyar ya kuɓuce daga hannun Direba a daidai lokacin da ya ja ruwan masai. Ya kai cafka, ya kamo iska. Ruwan ya yi juyi ɗaya ya haɗiye farin ƙyallen, sannan masai ɗin ya yi wata irin gyatsa ya yi shiru.

Ya fito daga banɗaki hannu jiƙe har gwiwa. Matarsa, wadda kowa ke kira Maman Biyu, tana bakin gado tana shayar da ɗaya daga cikin tagwayensu mata, ɗayar kuma na kwance tana wutsil-wutsil da ƙafafu. Kallo ɗaya ta yi masa ta san an yi ɓarna.

"Ya tafi," in ji shi.

"Me ya tafi?"

"Nafkin. Na riƙe gefensa ina jan ruwa don ya ɗauraye, kamar yadda nake ganin kina yi."

"Ni da hannu biyu nake riƙewa, Baban Biyu."

A saman bene suke haya. A ƙasa shagon ɗinki ne na tsohon da ya mallaki gidan, wanda duk layin ke kira Tela. Bututun banɗakinsu ta cikin shagon ya bi, ya ratsa ƙarƙashin silin, daidai saman kantar yadi. A watan da ya wuce ruwan wanki ya taɓa ɗiga masa, ya hau sama da kansa yana haki, ya ce in digo ɗaya ya sake sauka a shagonsa, su nemi wani gidan. Ina za su nufa da jarirai biyu? Ga shi ba halin daina wankin. Ƙaramar ba ta jure nafkin na kanti, da an saka mata sai cinyoyinta su yi jawur su saɓule, har malamar asibiti ta ce kada a ƙara, a riƙa saka mata na ƙyalle.

Maman Biyu ta ɗauki waya ta kira Falamba, mai gyaran famfo na bayan layinsu. Ya ce yana kan wani aiki, amma ga shi nan tafe, kuma kafin ya iso kada a zuba ko kofi ɗaya na ruwa a masai ɗin. Ta juya don ta isar da saƙo, sai ta ji ɓulɓul daga banɗaki. Direba ne ke sheƙa bokiti bayan bokiti. A wurinsa abin kamar motar da ta mutu a hanya ne, turi take so.

Ruwan ya taso har baki, ya tsaya, sannan ya zurare gaba ɗaya. Direba ya juyo yana murmushi. Bai gama ba suka ji ƙarar daga ƙasa: ɗis, ɗis, ɗis.

Ta ajiye masa yarinyar a hannu ta sauka da gudu.

Shagon a buɗe yake, rediyo na ta surutu shi kaɗai, babu kowa. Tsohon yakan fita auna masu ba shi ɗinki waɗanda ba sa iya zuwa shagon. Ta ɗaga kai. Mahaɗar bututun ta tsage, ƙazamin ruwa na bin jikinsa yana sauka a kan wani bandir na farin yadin auduga. Ƙasa da shi kuwa kayan mutane ne ɗinkakku, a goge, a rataye.

Ta rungumo su gaba ɗaya ta zube a teburin yanka. Ta jawo bandir ɗin ta jefa bakin ƙofa. Digon ya fara zama tsiyaya. Ta leƙa waje ta ɗaga murya ta ce wa Direba ya jeho mata duk abin da ke kan igiyar shanya.

"Duka?" ya tambaya daga baranda. "Su ne fa masu tsabtar da suka rage."

"Duka."

Nafkin suka riƙa saukowa kamar fararen tattabaru. Ta hau kujerar ɗinki, ta naɗe tsagar da ɗaya, ta ɗaure tamau. Ya sha ruwa ya ƙoshi, ta kwance ta ɗaura wani. Direba ya kwantar da yaran ya sauko da bokiti, yana karɓar jiƙaƙƙu yana miƙa busassu, bakinsa bai daina ba da haƙuri ba. Ta ce ya adana haƙurin nan, akwai mai shi yana zuwa. Wari ya cika shagon, ruwa na bin hannunta har hammata. Daga sama kukan ɗaya ya tashi, ɗayar ta amshe. Direba ya koma da gudu.

Tana ɗaura na ƙarshe babur ɗin Falamba ya tsaya a ƙofa. A bayansa kuma, a ƙafa, da tef a wuya, Tela ne.

Tsohon ya tsaya a bakin shagonsa. Ya dubi kayan mutane a kan tebur, ko ɗigo bai taɓa su ba. Ya dubi bandir ɗinsa a ƙasa, gefe guda ya rine. Ya dubi matar da ke tsaye kan kujerarsa.

Falamba ya sa baho a ƙasa, ya ce kowa ya ja baya. Ya kwance mahaɗar, ya zura doguwar waya mai ƙugiya, ya murɗa, ya ja. Abin ya fito baƙi ƙirin, ya faɗa bahon. Ya ɗaga shi da bakin filaya yana cewa ya sha ciro cokali da soso da kan 'yar tsana, amma wannan ɗinkin gefen nasa ma bai warware ba.

"Na wa ne?" in ji Tela.

"Namu ne, Baba." Maman Biyu ce ta amsa. Ta faɗa masa yadda aka yi, ba ta rage komai ba. Ta ce ba ta manta abin da ya ce ba, alfarma ɗaya take roƙo, ya bar su zuwa lokacin da yaran za su ɗan yi ƙwari.

Kafin ya amsa Direba ya shigo, yarinya a kowane hannu. Babbar na naɗe cikin rigarsa ta aiki, ƙaramar cikin rigar matashi, dukansu sharkaf. Ya tambaya a hankali ko akwai busasshe ko ɗaya.

Babu. Duk suna cikin bokiti.

Tela ya miƙa hannu ya karɓi ƙaramar. Ya ɗaga rigar matashin, ya ga tabon saɓar da bai gama warkewa ba a cinyoyinta. Ya daɗe yana kallo. Sai ya juya ga uwar.

"Kin kwashe na 'ya'yanki kin tare wa kayan mutane ruwa?"

Ta gyaɗa kai.

Ya mayar wa Direba yarinyar, ya ce ya riƙe da hannu biyu wannan karon. Ya sunkuya ya warware bandir ɗin a tebur, ya datse inda ya ɓaci ya jefar, ya shiga yanka sauran murabba'i-murabba'i. Ya ninka, ya zauna, keken ɗinki ya ɗauki ƙara. Bai ɗago kai ba ya ce wa Falamba ya canja mahaɗar, kuma ya jawo famfo zuwa bayan gida ya yi wurin ɗauraya mai rariya, don ya gaji da zama a ƙarƙashin wankin mutane.

Maman Biyu ta matso kusa da keken. Ta tambaye shi maganar tashi daga gidan.

"Ku tashi ku je ina, 'yar nan? Ku je ku toshe wa wani bawan Allah?" Ya cije zare ya miƙa mata na farko. "A wanke kafin a saka musu, sabon yadi yana da kauri."

Ta durƙusa har ƙasa. Godiyar ta ƙi fita daidai, sai hawaye da addu'a a haɗe, Allah ya saka, Allah ya jiƙan mahaifa. Direba ma ya fara tasa doguwa, tsohon ya katse shi da nuna bokitin da almakashi.

Direba ya miƙa wa matarsa yaran, ya ɗauki bokitin, ya tambayi Falamba inda zai sami ruwa.