Jan Biro Ya Sauko da Kekensa

Jan Biro ake ce masa a maɗaba'a, domin shi ke duba rubutu kafin ya shiga inji, kuma duk shafin da ya bi ta hannunsa sai ya fito kamar kaza ta taka jan fenti ta yi yawo a kai. Ya ba hamsin baya, yana da ɗan tumbi da ya fara leƙowa ta tsakanin maɓallan riga. Shekara da shekaru abokin aikinsa Akanta ke ɗaukarsa a mota safe da yamma. Da Akanta ya yi ritaya, sai Jan Biro ya koma motar haya, inda ake matse shi kamar kifin gwangwani. Ana cikin haka likita ya auna shi, ya ce jininsa ya fara hawa, lallai ya riƙa motsa jiki.

Da yamma suna cin abinci ya ajiye cokali, ya gyara murya. "Keke zan koma."

Auta, 'yarsa da ke jami'a, ta kusa ƙwarewa. "Baba, wanda ke rataye a sito? Ni na zaci kayan tarihi ne."

"Ke yarinya ce. Tambayi mamanki. Da wannan keken nake zuwa gidansu, hannu ɗaya a aljihu."

"Ƙwarai kuwa," in ji maiɗakinsa. "Daga baya kuma hannu ɗaya a bandeji."

Jan Biro ya yi kamar bai ji ba. Gaskiyar magana, rabonsa da keke tun Auta tana rarrafe. Wata safiya yana gangarowa ta bakin kasuwa, wani mutum ɗauke da katifa a ka ya juya don ya amsa gaisuwa, katifar ta share Jan Biro daga kan sirdi, ya faɗa kwata, wuyan hannunsa ya karye. Hannun ya warke, amma keken tun daga ranar yake rataye.

To, ya riga ya cika baki. A ƙarshen mako ya sauko da keken ya kai wa mai gyara, aka sa sababbin tayoyi, aka ɗaure birki, aka zuba wa sarƙa mai. Auta ta sayo masa hular kwano ruwan ɗorawa, wai don direbobi su hango shi tun daga nesa.

Ranar Litinin ya fito da wuri, ya cusa ƙafar wandonsa cikin safa, ya ɗaure jakarsa a kariyar da ke bayan sirdi. Maiɗakinsa da Auta suna tsaye a bakin ƙofa kamar masu rakiyar matafiyi.

"Hau mana mu gani, Baba."

"Layin nan duk ramuka ne, sai in lalata sabuwar taya. A bakin titi zan hau."

Da ya isa bakin titi sai ya ga kamar bai taɓa ganin titin ba. Ta tagar mota titi titi ne kawai. Amma daga inda yake tsaye, motoci suna wucewa fuu, babura suna kutsawa ta ko'ina, wata bas ta tsaya ba sigina ta zubar da fasinjoji a gabansa. Ya ɗora ƙafa a kan feda, ya yi ta maza, sai wata tifa ta danna ham a bayansa. Nan take ya sauke ƙafar, har wuyan hannun nan da ya daɗe da warkewa ya fara yi masa zugi.

Ya ce wa kansa bari ya wuce gidan mai tukuna. Da ya wuce gidan mai, ya ce bari ya wuce makaranta, saboda yara. Da ya wuce makaranta sai ga hawa mai tsawo, kuma ai ba a fara keke da hawa. Bayan hawan sai shataletale, wanda ko mahaukaci ba zai shiga da keke ba. Haka ya yi ta tura keken nan kamar mai kai akuya kasuwa, har ya iso ɗan lungun da maɗaba'a take, inda ba mota ba babur. A nan ya waiga hagu da dama, ya haye, ya shiga ƙofa yana tangaɗi.

Mai gadi ya miƙe ya ƙame. "Kai, yallaɓai! Tun daga gida? Dubi gumi!"

"Ɗan motsa jiki ne," in ji Jan Biro, yana goge goshi. Bai yi ƙarya ba, a ganinsa.

Da yamma ya tura keken zuwa gida, ya haye a bakin layinsu. Washegari ma haka, da wanshekaren washegari. Kullum da safe yakan tashi da niyyar yau zai hau, kullum titi ya karya masa gwiwa.

Mutum ɗaya ne ya dame shi, wani mai faci da ke zaune a gindin bishiya dab da shataletale. Ranar farko ya ɗaga masa hannu, "Yallaɓai, faci ne?" Jan Biro ya ce a'a, sarƙa yake saurare, yana jin kamar tana ƙara. Rana ta biyu ya ce sirdin ne bai gama laushi ba. Da kwanaki suka yi nisa, mai facin ya daina tambaya, sai dai ya ce, "Sannu yallaɓai, an fito da shi shan iska?"

A maɗaba'a kuwa sunansa ya zagaye. Masu ɗinkin littafi suna cewa tumbinsa ya fara komawa ciki, kuma gaskiya ne, don tafiyar ba kaɗan ba ce. Masu inji suna tambayarsa wane irin keke ya kamata mutum ya saya, shi kuma yana ba da shawara yana kaɗa jan biro. Yabon yana yi masa daɗi, yana kuma tsaya masa a wuya.

Wata ranar Alhamis Manaja ya kira shi ofis. Manajan mutum ne ƙato, mai fara'a, wanda duk abin da ya gani sai ya ce shi ma zai yi.

"Malam Jan Biro, ka burge ni. Na sayi keke jiya, mai canjin giya irin na mota. Gidana ai bayan unguwarku yake. Ranar Litinin zan biyo maka mu taho tare. Kai ne gaba, ni ina bin ka, tunda kai ka san hanya."

Jan Biro ya ce, "Ranka ya daɗe, titin fa akwai haɗari."

"Shi ya sa zan bi gwani."

A ranar ko rabin abincinsa bai ci ba. Maiɗakinsa ta jira har Auta ta shige ɗaki, sannan ta zauna kusa da shi.

"Baban Auta, keken ne?"

"Wane keke? Lafiyarsa ƙalau."

"Na san lafiyarsa ƙalau, ai ba ya aikin komai. Dunduniyar takalminka ta cinye, tayoyin kuwa ko gashin jikinsu bai kakkaɓe ba. Ƙanwata ma ta hango ka ta tagar bas kana tura shi, ta kira ni tana tambaya ko sayar da shi za ka yi."

Ya yi tsuru-tsuru. "Tun yaushe kika sani?"

"Tun makon farko. Na ga tafiyar ta karɓe ka, shi ya sa na yi shiru."

Sai ya faɗa mata komai, har da maganar Manaja. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ɗauki waya ta kira Yaya.

Yaya ita ce babbar yayarsa, tsohuwar malamar makaranta, kuma ita ta koya masa keke yana yaro. Yanzu ciwon gwiwa ya sa tana dogara sanda, amma muryarta tana nan yadda take. Ranar Asabar da safe suka haɗu a filin makarantar da ke bayan gidanta. Ta sa aka kawo mata kujerar roba, ta zauna a inuwa, ta nuna shi da sanda.

"Hau."

"Yaya, mutane fa suna kallo."

"Su waye mutanen? Tumaki ne can. Hau na ce!"

Maiɗakinsa ta riƙe kariya, ya haye, ya taka. Keken ya yi hagu, ya yi dama, sannan ya miƙe. Sai da ya kai ƙarshen filin ya juyo ya hango maiɗakinsa can kusa da Yaya, suna hira. Ashe tun tuni ta sake shi. Ya zagaye filin, ya sake zagayewa, iska tana shiga rigarsa, bai san lokacin da ya fara murmushi ba.

"To ai ka iya," in ji Yaya da ya tsaya. "Me ya hana ka?"

"Titin ne, Yaya. Da na ji mota a bayana sai in ji kamar ƙafafuna ba nawa ba."

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ai dole. Wanda ya taɓa karyewa jikinsa ba ya mantawa da wuri. Amma wa ya ce maka sai ka bi babban titi? Ka bi ta bayan asibiti, ka ɗauki hanyar da ke gefen layin dogo, za ta fito da kai gindin hawan nan. Ta fi nisa, amma motocin cikinta ba su da yawa. Inda ka ji tsoro kuma ka sauka ka tura, tunda na ji a wannan fannin ba ka da na biyu."

Ranar Lahadi ya gwada hanyar shi kaɗai har gindin hawan, gari shiru. Motar farko da ta wuce shi sai da ya sa ƙafa a ƙasa ya tsaya yana haki. Ta biyu ya runtse ido ɗaya kawai. Da ya dawo gida tafin hannunsa ya yi ja saboda damƙar kan keke, amma a kan sirdi ya dawo.

Litinin da safe Manaja ya iso cikin wasu matsattsun kaya masu sheƙi, da safar hannu, da baƙin gilashi, da gorar ruwa a maƙale a jikin keke. Auta ta leƙo ta gaishe shi, ta koma ciki da sauri tana toshe baki.

Suka kama hanya, Jan Biro a gaba, ya damƙe kan keke gam. Manaja kuwa ko a jikinsa. Yana tafe yana ba da labarin sabon injin da zai sayo, yana gaida mutanen da bai sani ba, yana danna ƙararrawa. Jan Biro ba ya amsawa sai da "Haka ne," idonsa ƙyam a kan hanya. A bayan asibiti wata motar ɗaukar marasa lafiya ta fito ba zato, ya matse birki, keken ya tsaya cak, bai faɗi ba. Ya ja numfashi ya ci gaba.

Da suka fara hawan, sai labarin injin ya fara yankewa. Can ya ɗauke gaba ɗaya. Jan Biro bai lura ba, domin ƙafafun da suka saba tura keke a wannan hawan kullum yau sai suka ji abin ya zo musu da sauƙi. Sai da ya kai sama ya waiga, ya hango Manaja can ƙasa, ya sauka, ya kifa kai a kan sirdi, gilashin ya zamo masa kan hanci. Jan Biro ya jingine kekensa ya koma da ƙafa.

"Ranka ya daɗe, lafiya?"

"Malam... kullum... haka kake hawa nan?"

Jan Biro ya karɓi keken Manaja ya fara turawa. "Gaskiya yau ne karo na farko. Duk kwanakin nan turo shi nake yi tun daga gida, sai na zo lungunmu nake hawa. Tsoron titi nake ji."

Manaja ya dube shi, ya buɗe baki, sai dariya ta kama shi a kan hakin, har sai da ya dafa bango. "Amma ka cuce ni! Ni da na kashe kuɗi a kan waɗannan kayan saboda kai!"

A shataletale dukansu biyu suka tura kekunansu suka tsallaka ta inda masu ƙafa ke bi, sannan suka sake hawa. Sun makara, amma da yake tare da Manaja aka makara, ba wanda ya ce uffan. Da rana Manaja ya aiko a gaya wa Jan Biro cewa shi kam direbansa zai zo ɗaukarsa, keke sai kuma wani makon, in cinyoyinsa sun yafe masa.

Da aka tashi Jan Biro ya koma gida shi kaɗai. A kan gangarar ya riƙe birki sosai da farko, daga baya ya ɗan sassauta, keken ya ɗauke shi har ƙasa ba tare da ya taka ba. Gabansa yana faɗuwa har yanzu duk sanda mota ta matso, sai dai faɗuwar ba ta kai ta sauke shi. A gefen layin dogo wani jirgin kaya ya jera da shi, ya yi ƙoƙarin yin tsere da shi, jirgin ya wuce ya bar shi yana dariya shi kaɗai.

Yana shiga gida, ko hular bai cire ba, maiɗakinsa ta tare shi a tsakar gida.

"Sannu da zuwa. Tunda yanzu muna da mai abin hawa, ga maganin gwiwar Yaya na karɓo mata, tun rana take kira."

"Haba Maman Auta, ko ruwa ban sha ba."

Ta miƙa masa kofi. Ya shanye a tsaye, ya ɗaure ledar maganin a kariya, ya juya kan keken ya fita.