Ƙofar da ta Maƙale a Jinin Maccido

Duk manomin rani a fadamar Wurno ya san Maccido. In an sako ruwa daga madatsar Goronyo, shi ke buɗe ƙofar magudana ya rufe, kuma ba a koya masa aikinsa. Mutum ne mai saurin ganewa, har yakan gane abin da ba a faɗa masa ba.

Da cikinsa ya kumbura, ƙarfi ya ƙare, likitoci a Sakkwato suka ce kansar jini ce. Sista Theresa, ma'aikaciyar jinya a garinsu, ta zaunar da shi ta yi masa bayani da abin da ya sani. Ta ce akwai wani sinadari a cikin ƙwayoyin jini mai ba su umarnin hayayyafa, in sun isa ya yi shiru. Nasa ya lalace, ya zama ƙofar da ta maƙale a buɗe. Maganin da likitoci suka ba shi, shi ke rufe ta.

Maccido ya ce ya gane sarai. Ya sha magani, kumburi ya sace, ya koma bakin aiki har da 'yar ƙiba. Amma kafin a yanke shinkafa sai ga shi gaban Theresa, ya rame, ya dafe ciki.

"Baba, kana shan maganin kuwa?"

"In sha mi? Ai ƙohwa ta ruhe. Wa ka tsayuwa bakin ƙohwa bayan ya ruhe ta?"

Haushi ya kama ta. "Wannan ba ta da sakata, Baba. Dafe ta kawai maganin yake yi, ka saki ta buɗe. In ta daɗe a haka, sinadarin kan sauya siffa, maganin ya daina cin sa."

Nan Maccido ya ji tsoro na gaske. Aka ɗebi jininsa aka aika gwaji, ya koma shan magani yana jira. Ranar da sakamako ya iso, Theresa ba ta bari ya gama zama ba.

"Bai sauya ba. Maganin na ci."

Ya sauke numfashi, ya juya ƙwayar maganin a tafin hannunsa. "Har yaushe za ni dahe ta?"

"Muddin kana da rai, Baba."

"To ba ni ruwa, ɗiyata."