Farar Hasumiya a Hannun Dama

Urken Lama bai buɗe ƙofar ƙarshe ba. Na'urar wasan ta bar Kathmandu ranar Alhamis da rana a jakar ƙanwarsa Palmo, wadda hutunta ya ƙare ta koma masana'antar da take aiki a Koriya. Yarinyar cikin wasan tana nan inda ya bar ta, tsaye da fitila a gaban wata farar hasumiya.

Urken mai zanen hotunan ibada ne a unguwarmu ta Boudha. Ya haura arba'in, kuma an san shi da hannun da ba ya rawa. Palmo ta zo da na'urar ne don ta rage zaman jirgi. Faɗinta bai fi tafin hannu biyu ba, babu maɓalli ko ɗaya, komai da yatsa ake yi a kan gilashi. Ka ja layi, yarinyar ta bi. Ka zana alama, wuta ta tashi ko gada ta miƙe. An sace wa garinsu kogi ne, ita aka aika ta komo da shi. Ranar farko Urken ya ce shirmen yara ne. Kafin mako ya zagayo fentinsa ya bushe a kasko.

Rubutun wasan na Koriyanci ne, ko harafi ɗaya ba ya ganewa, amma hakan bai hana shi komai ba. Ya ratsa daji, ya kashe dodon da ke gadin gada, ya hau dutse. Da ya isa hasumiyar sai hoton yatsa ya fito tare da zobe, alamar a kewaye ta da da'ira. Ya kewaye. Ƙofa ba ta motsa ba. Ya sake, ya kuma, har batir ya mutu.

"Dai, in faɗa maka?" Palmo ta tambayi yayan nata, da sunan da muke kiran babban wa.

"Ki faɗa, ki nemi wani yayan."

"To, mai hannun zinariya. Ni a motar zuwa aiki na wuce wurin nan, a tsaye ma nake."

Ya ɗora wa gilashin laifi. Ya ce maiƙon shayin man shanu ne, ya goge da hannun riga. Ya yanke farcensa. Ya kai wa mai gyaran waya a bakin titi, aka duba aka ce lafiyarta lau. Ya ɗora murfin kofi a kai ya bi gefensa da yatsa don da'irar ta fita daidai. Matarsa Yangzom ta leƙo ta ce waɗanda suka ba shi aikin zanen hoto sun sake zuwa karɓa.

"Ki ce musu bai bushe ba."

"Ina zai bushe, ba ka shafa ba?"

Ranar Laraba da safe mahaifiyarsu ta ce kowa ya fito a zagaya babbar hasumiyar ibada ta unguwa saboda tafiyar Palmo. Ina cikinsu. Muka bi jama'a kamar kullum, hasumiya a hannunmu na dama, don a addininmu ba a zagaye ta ta hagu. Urken yana tafe yana zana da'ira a tafin hannunsa, ita ma ta dama, yadda hannun agogo ke bi. Sai ga wani ɗan yawon buɗe ido da kyamara a wuya ya taho ta inda ba a bi, yana karo da tsofaffi yana ba da haƙuri. Tsohuwar su Urken ta kama kafaɗunsa ta juya shi.

Palmo ta tuntsire da dariya. "Dai, ga wanda zai buɗe maka ƙofarka nan."

Urken ya tsaya cak, har na bayansa ya buge shi. Tun yana goye ake zagayawa da shi ta dama, duk da'irar da ya taɓa zanawa a aikinsa ta dama take tafiya, kuma bai taɓa zuwa masa a rai cewa ta hagu wasan yake so ba. Bai yi wa Palmo magana ba har washegari, don a ganinsa ta riga ta faɗa masa sirrin ƙofar. Na'urar ma bai taɓa ta ba.

Ranar Alhamis, ana ɗaure kaya, ya ɗauke ta ya zauna a bakin gado. Ya sa yatsa a saman hasumiyar ya ja ta hagu. Bai kai rabi ba ya ɗaga.

"Hasumiyar ibada ce, Palmo. Dubi farin, dubi rawayan da ke kanta."

"Gidan aljani ne, Dai. Wani ne ya zana ta a ofis yana shan taliya."

"To me ya sa ya yi ta haka?"

"Je ka tambaye shi. Ka ƙarasa, mota na hanya."

Ya sake sa yatsa. Mahaifiyarsu ta shigo da farin ƙyallen da ake rataya wa matafiyi a wuya, ta leƙa ta bayansa, ta ga inda yatsan ya nufa.

"Wa ke zagaye ta hagu a gidan nan ranar da 'yata za ta hau jirgi?"

"Ama, wasa ne," in ji Palmo.

"Jirgin ma wasa ne?"

Mai tasi ya danna ham a ƙasa. Urken ya dubi gilashin, ya dubi ƙanwarsa, ya miƙa mata na'urar. A cikin motar tsohuwar ce ta zauna tsakaninsu, jakar tana kan cinyarta har filin jirgi.

Palmo ta sauka lafiya. Ta kira ranar Asabar ta ce inda ya tsaya yana nan a ajiye, ba ta taɓa ba. Ta ce ya zaɓa: ko ta buɗe ƙofar ta ɗauko masa bidiyon ƙarshen, ko ta bari sai ta sake zuwa gida ya buɗe da hannunsa. Masana'antar ba ta sa mata ranar hutu na gaba ba. Urken ya ce zai yi tunani, kuma har yau bai ba ta amsa ba.