Kwamfutar da Yaya Yake Magana da Ita

Allon ya sake yin baƙi. A kusurwar sama ta hagu wani ɗan farin layi yana ƙiftawa, ba abin da ya biyo bayansa. Auta ya jira, hannuwansa a kan gwiwa, yana jin fankar cikin akwatin tana juyawa. Tun safe abin da take yi masa ke nan. Sai ta karɓi faifan sidi, ta kwafe babbar manhajar tsaf, ta ce za ta mutu ta tashi, in ta tashi kuma sai a wannan baƙin allo.

Kwamfutar ba ta mai kawo gyara ba ce. Ta yayansa ce, kuma da ita yayan yake magana.

Yaya mai walda ne a da, mutum mai ƙaton murya, wanda in yana faɗa da yaransa a gareji ake ji daga bakin titi. Ciwon ya fara masa daga hannu, ya sauka ƙafafu, ya hau harshe. Yanzu abin da yake iya juyawa yadda ya so babban yatsan ƙafarsa ta dama ne kaɗai. Wata mai gashin ƙashi a asibiti ce ta samo musu tsohuwar kwamfutar, tare da wani maɓalli mai faɗi da ake ɗaurawa a gindin gado. Haruffa suna jere a allo, haske yana bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya, in ya zo kan wanda Yaya yake so sai ya danna. In jimla ta cika, wata murya mai kama da ta mutum a cikin tulu ta karanta. Bakin wayar maɓallin irin na da ne, sababbin kwamfutoci ba su da raminsa, manhajar haruffan kuma ba ta zama sai a kan tsohuwar babbar manhaja. Auta ya taɓa gwadawa a wata sabuwa, ta ƙi.

Da kwamfutar ta fara nauyi, faifan ajiyarta yana ƙas-ƙas kamar ɓera a cikin kwali, shi ya ce zai ɗauke ta zuwa shagonsa ya ƙara mata memori ya sa mata sabon faifai. Yaya ya daɗe yana danne-danne, sannan muryar ta ce, "Injiniyan bola. In ka ɓata ta zan yi maka waldar kunne." Har Inna, mahaifiyarsu, sai da ta yi dariya.

Washegari numfashin Yaya ya fara sarƙewa, aka kai shi asibiti. Auta ya yi maza ya mayar da tsohon faifan don ya kai musu ita yadda take. Faifan ya yi ƙas, ya sake yin ƙas, ya yi shiru. Bai ƙara motsi ba.

Likita ya tara su a gaban gadon ya yi musu bayani ba tare da kwana-kwana ba. Ƙirjin ya gaji. Za a iya huda maƙogwaro a sa bututu, inji ya riƙa yi masa numfashi, kuma mutum yakan daɗe a haka. In ba a sa ba, ba zai daɗe ba. Ya duƙa ya tambayi Yaya. In babu kwamfuta, Inna takan tara tafin hannunta a yatsan: dannawa ɗaya na'am, biyu a'a. Yaya ya danna, ya danna, ya ci gaba da dannawa ba tsayawa, idonsa a kan Auta. Kowa a gidan ya san ma'anar wannan. Yana da magana, kuma ba na'am ko a'a ba ce.

"Ku kawo masa na'urarsa," in ji likita. "Muddin yana cikin hayyacinsa, daga bakinsa nake son ji. In hankalinsa ya gushe kafin nan, matarsa ce za ta yanke."

Shi ya sa Auta ya rufe ƙofar shago rabi, ya ture wayoyin mutane gefe guda. Ya zare sabon memorin ya bar tsohon, ya sake farawa daga farko. Baƙin allo. Ya canza faffaɗar wayar nan mai kama da bel, wadda ke haɗa faifan da uwar allo, wato babban farantin lantarkin da ke cikin akwatin. Ya shiga shuɗin shafin saiti ya gaya mata daga inda za ta tashi, ya ga kwanan watan da take nunawa ya koma shekarun baya, ya ɓalle ɗan batirin ciki ya sa sabo. Ya goge faifan sidin da gefen rigarsa. Kowane gwaji sai ya zauna yana kallon layin kwafi yana rarrafe har ƙarshe, wayarsa a kife a kan teburi. Duk sa'ad da ta yi ƙara sai ya daɗe bai ɗaga ba.

Bayan azahar inuwa ta tare hasken ƙofa. Matar Yaya ce, mayafinta a karkace, idanunta sun yi ja.

"Anti, ke kika baro shi?"

"Inna tana wurin. Ya yi barci." Ta ja kujerar masu jira ta zauna, ta dubi kwamfutar da cikinta a buɗe. "Mijin nawa na biyu, haka kake yi wa mutane? A kawo maka mara lafiya ka yi masa fiɗa?"

"Ai shi ya sa ban yi aure ba. Wa zai ba ni 'ya?"

Ta yi ɗan murmushi, bai kai ko'ina ba. Ta sa yatsa tana share ƙurar da ke bakin teburin.

"Za ta tashi?"

"Ban sani ba. Duk abin da na sani na yi."

"To." Ta ɗago ta dube shi. "Auta, ka san abin da zai ce."

Ya mayar da idonsa kan kwamfutar.

"Ni na sani. Ni nake juya shi, ni nake share masa baki, na san abin da ke idonsa. Zai ce a bar shi. Don kada ya ɗora mana nauyi, wai. Kamar wani ya kai masa kuka." Muryarta ta ƙi rawa, kuma hakan ya fi tsorata shi. "'Yarmu kullum in ta dawo daga makaranta wurinsa take zuwa da littafinta. Ba ta taɓa sanin uban da ke tafiya ba. Wannan ɗin shi ne babanta, kuma ya ishe ta."

"Anti, ni gyara kawai nake yi."

"Ban ce ka ɓata komai ba. Ka ji na ce haka? Cewa na yi tsohuwar aba ce, kowa ya sani. Kada ka kashe kanka wajen gaggawa." Ta miƙe ta gyara mayafi. "Ka ci wani abu. Fuskarka ta faɗa."

Da ta fita ya zare sabon faifan daga gurbinsa, ba don yana da wata dabara ba, sai don hannunsa ya samu abin yi. Yana jujjuya shi ya lura da wani ɗan zane a jikin takardar da aka manna masa, ƙananan ɗigo-ɗigo a jere. Ya matso da shi kusa da fitila. A bayan faifan akwai wasu 'yan fil, kuma zanen yana nuna in aka ɗora wata 'yar hular roba a kan biyu daga ciki, faifan zai nuna kansa ƙarami. Nan take abin ya faɗo masa. Tsohuwar kwamfutar ba ta san faifai mai girman wannan ba. Tana iya zuba masa kaya, amma in ta tashi neman inda ta ajiye sai ta ɓata hanya. Shi da ya sayo mafi girma don ya kyautata.

Mataccen faifan yana da irin hular. Ya zaro ta da hantsaki. Baƙa ce, ba ta kai ƙwayar wake ba.

Ya ajiye ta a tafin hannunsa, ya zauna.

Babu wanda ya san ya gano. Ba sai ya yi ƙarya ba ma. In ya ci gaba da canza waya da goge faifai har magariba, duk abin da zai faɗa gaskiya ne: na gwada wannan, na gwada wancan. Likita ya ce ƙirjin ba zai jira ba. Anti za ta sa hannu, a sa bututun, Yaya ya rayu. Sai bayan nan kwamfutar ta tashi. Ya tambayi kansa ko mutum yana ɗaukar alhakin abin da bai yi ba, ko sai abin da ya yi. In ya sa hular nan, Yaya ya ce a bar shi, to da hannun wa aka buɗe ƙofar? In kuma bai sa ba, Yaya zai farka da rami a wuya, ya dube shi, kuma Yaya ya san shi tun yana rarrafe. Har ya fara zargin kansa da cewa ba Yaya yake tausayi ba, hannunsa yake so ya fita da tsabta, kuma ko ta wane ɓangare ya juya hannun ba ya fita.

Abin da ya ƙi barinsa shi ne yatsan nan a tafin Inna, yana dannawa, yana dannawa. Mutum yana ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki.

Hular ta suɓuce masa ta faɗi ƙasa, ya durƙusa ya lalubo ta a cikin ƙura. Ya ɗora ta. Ya sake farawa. Layin kwafi ya rarrafa, allon ya yi baƙi, ɗan farin layin ya ƙifta, sai hoton buɗewa ya bayyana. Bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya ɗora manhajar haruffan, ya jona maɓallin, ya danna da babban yatsansa, hasken ya tsaya.

Ya kashe ta ya kunna don ya tabbatar. Ta ƙi. Ya sake, ta tashi. Ya haska cikinta da fitilar waya, ya ga wasu 'yan gwangwanaye a jikin uwar allon sun kumbura, ɗaya har ya fara tsattsafo da wani abu ruwan ƙasa. Wannan ba aikin yau ba ne, kuma in ya taɓa su da ƙarfe mai zafi zai iya kashe ta gaba ɗaya. Ya naɗe ta da bargo ya tare mota.

A ɗakin asibitin numfashin Yaya yana fita da ƙara kamar ana jan buhu a ƙasa. Leɓensa ya yi duhu. Matarsa ta ga Auta da kaya a rungume, ta dube shi sau ɗaya, ta kawar da kai. Ita ce kuma ta matsar da teburin magani ta ba shi wuri, ta nuna masa soket.

Ya kunna. Baƙin allo. Inna ta fara salati a hankali. Ya kashe, ya dafa saman akwatin, ya sake kunnawa. Ta tashi.

Aka kira likita. Auta ya ɗaura maɓallin a gindin gado. Hasken ya fara bin haruffa, yatsan yana jira, yana dannawa, wani lokaci ya wuce harafin sai an sake zagayowa. Babu mai motsi. Matarsa ta ƙi kallon allon.

Muryar ta ce, "In an sa. Daga baya na gaji. Za a cire."

Likita ya ja kujera ya zauna daidai fuskarsa. "Tambaya kake yi? In ranar ta zo, kana cikin hankalinka, ka faɗa min da kalmominka kamar yadda ka yi yanzu, za mu zauna da kai da iyalinka mu saurare ka. Amma sai ka faɗa. Ba zan yi aiki da abin da wani ya ce ya gani a idonka ba."

Hasken ya sake zagayawa. Wannan karon ya fi daɗewa, gumi yana tsattsafowa a goshin Yaya.

"To a sa."

Matarsa ta zame ta zauna a ƙasa, ta kifa kanta a gefen katifa. Inna ta dafa bayanta. Likita ya miƙe yana ba ma'aikaciyar jinya umarni.

Yatsan bai tsaya ba. Auta ne kaɗai ya lura, shi ya tsaya yana bin haruffan har suka haɗu.

"Auta. Kullum ta kasance a kunne. Amana."

Idanun Yaya suna kansa. Ya so ya gaya masa maganar gwangwanayen, cewa ba ya da tabbacin za ta sake tashi ko sau ɗaya. Ya buɗe baki, sai ga ma'aikaciyar jinya ta turo wani inji mai taya, tana neman inda za ta jona shi. Ta kai hannu ga soket ɗin.

"'Yar'uwa, don Allah kada ki zare wannan," in ji Auta. Ya riga ya sa jikinsa tsakaninta da bangon.

"Malam, gadon ma fita za a yi da shi. Ba a shiga ɗakin tiyata da wannan."

"Na sani. A bar ta a nan. Ni zan zauna da ita."

Ta dube shi, ta dubi tsohon akwatin, ta ja injinta zuwa ɗaya bangon. Aka kwance maɓallin, aka tura gadon waje, Inna da matar Yaya suka bi shi. Auta ya zauna a ƙasa kusa da soket, ya jingina da bango, yana sauraron fankar. A allon hasken yana ta bin haruffa ɗaya bayan ɗaya.